Sabon gida a Soron Ɗinki: Wa ke tsare shi idan mai shi ya yi nisa?

A Kano ta yau, gidan da ya fi kowanne zama cikin haɗari ba shi ne na attajirin da ya tara gwal da daloli a ɗaka ba. Wannan yana da masu gadi, yana da masu shiga da fita dare da rana. Gidan da ke bakin wuta shi ne sabo fil, wanda aka gama masa fenti, aka kafa ƙofofi da tagogi, aka ja wayar wuta, sannan mai shi ya datse shi da kwaɗo ya kama hanyar Abuja ko Legas ko Saudiyya, da niyyar idan ya dawo a tare. Tsakanin ranar da birkila ya kwashe kayan aikinsa da ranar da matar gida ta ɗora tukunyar farko, a nan ne mutane da yawa ke asarar abin da suka shafe shekara goma suna tarawa.

Mai karatu zai iya tambaya, me ɓarawo zai ɗauka a gidan da babu ko tabarma? Ai gidan kansa shi ne kayan. Wayar wutar da ke cikin bango jan ƙarfe ce, kuma jan ƙarfe a kan sikeli ake sayensa, ba a tambayar daga ina ya fito. Ana zare ta tun daga akwatin mita har ɗakin ƙarshe. Sai kawunan famfo, da injin jan ruwa, da fanka, da makunnan wuta, da tagogin alminiyam, da batiran sola idan an riga an saka. Wanda bai yi sa'a ba har kwanon rufi za a yaye masa. Abin takaicin shi ne, ɓarnar ta fi satar yawa. Don wayar da ba za ta kawo wa ɓarawo kuɗin cefanen mako guda ba, sai ya farfasa silin, ya tsattsage filasta, ya bar wa mai gida gyaran da zai ci ninkin-ba-ninkin abin da aka ɗauka. Kuma wannan a wane lokaci? Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, babu kayan ginin da farashinsa bai yi tsalle ba, har a farkon 2024 buhun siminti ya haura Naira dubu 10. Duk wanda ya taka Kasuwar Ƙofar Ruwa neman rodi, ko ya bi Faransa Rod neman kayan wuta a wancan lokaci, ya san cewa wanda aka yi wa irin wannan sata ba lallai ne ya iya mayar da gidan yadda yake ba.

An saba ɗora laifin kacokan a kan 'yan jari-bola. Ni ban yarda da wannan kuɗin goro ba. Akwai dubban yara da magidanta da ke cin halaliyarsu da tsintar ƙarafa da robobi, kuma da ba don su ba, da bolar birnin nan ta fi haka tsayi. Amma gaskiya ce cewa muddin akwai mai sikelin da zai karɓi sabuwar waya a naɗe, ko murfin kwalbati, ba tare da ya ɗaga gira ba, to ɓarawo ba zai rasa kasuwa ba.

Ni wannan magana ba a jarida na karanta ta ba. Gidanmu na gado yana Soron Ɗinki, a tsakiyar birni, ginin ƙasa ne na tubali da azara da ya ga kakanni. Da aka raba gado, sashen da ke bakin lungu ya faɗo mini, na rushe abin da damina ta riga ta ci rabinsa, na tayar da na bulo da siminti, a hankali a hankali, gwargwadon abin da albashi ya bari. Ana gama aikin, sai wurin aiki suka tura ni Fatakwal na wata tara. Iyalina suna gidan haya a wajen gari, yara suna tsakiyar zangon karatu, ba halin a tare. Sai ga ni da sabon gida, da tikitin mota, da tambaya guda da ta hana ni barci.

Shawarwari kuwa na sha su. Mai walda ya ce a ƙara ƙarfen taga mai kauri, a yi wa ƙofa sakata uku. Wani abokina ya ce a ɗaga katanga, a bi kanta da waya mai ƙaya, ko aƙalla fasassun kwalabe irin na da. Ƙanena, ɗan zamani, ya ce kyamara ce maganin abin, wadda zan riƙa kallon ƙofar gidana a waya ina zaune a Fatakwal. Na tambaye shi, idan na ga mutum a kan katanga da ƙarfe biyun dare, ina nisan tafiyar yini guda a mota, sai in yi me? Kuma kyamarar tana son wuta, tana son intanet, wato sai na saka sola da batir, abin da ɓarawon ya fi so ke nan. Wani ya kawo maganar kare. Wanda ya san cikin birni ya san ba a ajiye kare a lungun da malamai da almajirai ke bi zuwa masallaci tun asuba, sai dai idan mutum yana neman a daina gaisawa da shi. Aka ce to a nemo Buzu. 'Yan'uwanmu Buzaye, waɗanda da yawansu suka gangaro daga Nijar tun farin 1973 da 1974, sun yi suna wajen riƙon amana a aikin gadi, kuma sunan bai zo a banza ba. Sai dai gadi irin nasu na gida mai harabar da za a kafa 'yar rumfa ne, a hura gawayin shayi. Gidana ba shi da haraba. Ƙofarsa a kan lungun da mutum biyu ba sa jerawa sai ɗaya ya karkace.

Ban raina ƙarfe ba. Kwaɗo mai kyau da ƙofa mai nauyi suna ɓata wa ɓarawo lokaci, suna tilasta masa yin ƙara, kuma lokaci da ƙara su ne abin da ya fi tsoro. Amma ƙara ba ta da amfani idan babu kunnen da zai ji ta. Mutumin da ke da tabbacin babu mai zuwa har gari ya waye, babu ƙarfen da zai gagare shi.

A nan ne sunan unguwarmu ya ba ni amsa. Soron Ɗinki: soro da ɗinki. Bakano ya san soro shi ne abin da wasu ke kira zaure, ɗakin da duk mai shiga gida sai ya ratsa ta cikinsa. A tsarin ginin Hausa, daga soro sai shigifa, kafin a kai tsakar gida, kuma ba a jera ƙofofin a layi guda, don kada idon mai wucewa ya faɗa cikin gida. An fi yi wa wannan tsari bayani da cewa don suturta iyali ne, kuma haka ne. Amma yana da wani aiki da ba a cika faɗa ba. Soro ba ya zama babu kowa. A cikinsa maigida ke karɓar baƙi, a cikinsa malami ke ba da karatu, a cikinsa maɗinki ke zaune da allura da zare yana aikin babbar riga ko hula tun hantsi har la'asar, fuskarsa na kallon lungu. Da dare samarin gida ko almajirai su shimfiɗa tabarma su kwana a nan. Wanda ke aikin allura hannunsa ne ke aiki, kunnensa a buɗe yake, kuma duk bayan 'yan ɗinki kaɗan sai ya ɗaga kai. Ya san ɗan gidan wane ne ya wuce, ya san mai tallan da ya saba zuwa, ya san baƙon da ya bi lungun sau uku yana kallon sama. Ba a biyansa ko kwabo don wannan, shi ma bai ɗauki kansa mai gadi ba.

Haka birnin gaba ɗaya yake a da. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya soma ganuwa, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Kowace ƙofa, daga Ƙofar Mata zuwa Na'isa zuwa Kabuga, tana da sarkin ƙofa, ana rufe ta da dare. Katanga guda ce ta kowa da kowa. A cikinta kuma sai unguwanni, kowacce da mai unguwarta da ya san gidajensa ɗaya bayan ɗaya, baƙo ba ya kwana sai an san mai masaukinsa. Yau ganuwar an cinye ta da gine-gine, an kwashe ƙasarta, kowa ya koma ya gina tasa 'yar ganuwar a kewayen gidansa, ya ɗora mata ƙaya. Katangar da ta hana ɓarawo ganin cikin gida, ita ce kuma ke hana maƙwabci ganin ɓarawon da zarar ya dira.

Ba mu kaɗai muka lura da haka ba. A 1969 wani malamin nazarin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Stanford ta Amurka, Philip Zimbardo, ya ajiye motoci biyu babu lamba, murfin inji a ɗage, ɗaya a unguwar Bronx ta birnin New York, ɗaya a garin Palo Alto na Jihar Kalifoniya. Ta Bronx ba ta yi minti 10 ba aka fara kwance ta, kafin kwana guda an kwashe duk wani abu mai amfani. Ta Palo Alto ta haura mako babu wanda ya taɓa ta, sai da shi da kansa ya ɗauki guduma ya fara dukanta, nan da nan masu wucewa suka taya shi. Daga wannan ne James Wilson da George Kelling suka gina maƙalarsu ta 1982 a kan fasasshiyar taga, inda suka nuna cewa taga guda da aka bari ba gyara takan sanar da kowa cewa wurin ba shi da mai shi. Bahaushe ya riga su da cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sabon gidan da ciyawa ta fito a ƙofarsa, takardun 'yan siyasa suka lulluɓe bangonsa, yara suka zane shi da gawayi ba wanda ya goge, kwaɗonsa ya yi tsatsa, ya riga ya yi shela.

Misali mafi girma yana nan kusa da mu. Rukunan gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, waɗanda aka gina a zango na biyu na mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso, tsakanin 2011 da 2015, gidaje ne na zamani masu faɗin titi, amma da yawansu sun shafe shekaru a rufe babu mazauna. Har ta kai a watan Maris na 2025 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ba masu gidajen wa'adin wata uku su tare ko su zuba 'yan haya, in ba haka ba a ƙwace. Ba siyasa ta kawo ni ba, kowa da ra'ayinsa a kan hanyar da aka bi. Abin da na ɗauka a ciki shi ne, hatta gwamnati, mai 'yan sanda da kotu, ta gano cewa ba ta da dabarar tsare gidan da babu kowa face ta sa mutum a ciki. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Saboda haka, tun ana gini na ƙi shawarar birkila da ya ce a shafe soro a ƙara wa falo faɗi, wai soro ya zama tsohon yayi. Na bar shi, ƙarami, da dakali a gefe. Da tafiya ta matso sai na je wurin wani dattijo maɗinkin hula da ya san ni tun ina yawo ba wando, wanda soron da yake zama a ciki magada suka sayar aka mayar da shi kanti. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, alfarma na zo nema. Ga soro can babu kowa, ko za ka koma ciki da aikinka?" Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ɗan nan, gadi kake so in yi maka ko ɗinki?" Na ce ɗinki. Ya ce, "To, na ji. Amma makullin cikin gida kada ka ba ni. Abin da ban riƙe ba, ba za a tambaye ni shi ba."

Wannan magana tasa ta fi duk shawarwarin da na sha nauyi, domin ta taɓo wurin da mutane ba sa son a taɓa. Da ɗan gari akan ci gari. Wanda ya san inda waya ta bi a cikin bango, ya san tagar da aka yi wa walda a gaggauce, ya san ranar da mai gida zai tafi, ba daga nesa yake zuwa ba. Gidan da ake ginawa mutum nawa ne ke ratsa shi? Birkila da yaransa, kafinta, mai tayil, mai fenti, mai aikin wuta, mai kawo yashi a kura, leburorin da ake ɗauka yau gobe a sake wasu. Mafi yawansu mutanen kirki ne masu neman na tuwo, amma makullin da ya kwana a aljihu goma ba makulli ba ne. Ranar da aka sallami ma'aikaci na ƙarshe na canza kowane kwaɗo da kowane kan makulli. Na kuma biya kowa haƙƙinsa cif, har da ɗan abin da muka yi jayayya a kai, don ma'aikacin da ya tafi yana ganin an cuce shi yakan ba kansa fatawa.

Sannan na bar gidan da talauci da gangan. Ban saka injin ruwa ba, ban ɗora sola ba, fankoki da kawunan famfo suna cikin kwalayensu a ɗakin Hajiya. Waya ce kawai ba yadda zan yi da ita tunda ta riga ta shiga bango. Malamanmu na fiƙihun Malikiyya, a Risala da sauran littattafan da ake karantawa a sorayen birnin nan, sun sharɗanta cewa ba a yanke hukuncin haddi a kan sata sai an ɗauke kayan daga ma'ajiyar da ta dace da irinsu. Wato shari'a ma, kafin ta juya kan ɓarawo, sai ta tambayi mai kaya inda ya ajiye. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Na je wurin mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, zan yi tafiya, ga wanda na bari a soro, ga yayana da ke riƙe da makullin ciki." A gabansa aka rubuta 'yar takarda cewa zaman aro ne, ba haya ba, ba kyauta ba, kowa ya sa hannu. Wasu sun ga kamar na yi rashin kunya, takarda tsakanina da sa'an mahaifina. Amma duk wanda ya taɓa zama a kotun shari'a ya ga yadda "zauna kafin in dawo" ke rikiɗewa ta zama shari'ar shekara biyar, musamman tsakanin dangi. Dalilin da ya sa ma ban sa ɗan'uwa a cikin gidan ba ke nan, ko da yake masu so sun nuna. Fitar da bare abu ne mai sauƙi. Fitar da ɗan gwaggo da matarsa da jaririnsu kuwa, sai mutum ya zaɓa tsakanin gidansa da zumuncinsa. Takardun gidan kuma ban bar su a ciki ba, don akwai satar da ta fi ta waya, wato a sayar da gida sukutum mai shi yana can. Rubutun nan da ake gani a bangaye cewa gidan nan ba na sayarwa ba ne, a yi hattara da 'yan 419, ba ado ba ne. Lambar ma ta sashen dokar laifuka ce ta Kudu, mu a Arewa da Final Kod ake aiki, amma damfarar ba ta san iyaka ba, sai lambar ta biyo ta. Na biya kuɗin 'yan sintiri na wata tara gaba ɗaya, na roƙi yayana ya riƙa zuwa duk Juma'a bayan masallaci ya buɗe tagogi, ya sa a share ƙofar gida, ya duba indararo, domin ruwan sama ma ɓarawo ne, kuma shi ba ya jin tsoron kowa.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa cikin birni aljanna ce. Muna da namu ciwon. Faɗan daba yakan tashi a unguwannin da ke kewaye da mu, ƙwacen waya ya sa mutane suna shigewa gida da wuri, kuma kusan kowane lungu yana da kangon da magada suka kasa sasantawa a kansa, ya zama matattarar masu shaye-shaye. Ta irin wannan kango ne ma aka gwada ni. Wani dare cikin watan Agusta, ana yayyafi, wani ya hau ta rusasshen bangon da ke bayana ya fara ɗaga kwano. A cikin birni bango ɗaya ke raba gida da gida, tarin maƙwabci ma ana ji. Wata tsohuwa da ke gidan da ke jingine da nawa, wadda ciwon ƙafa ya hana ta barci, ita ta ji ƙarar ƙusa. Ta tashi jikanta, shi ya buga wa yaron maɗinkin da ke kwana a soro, aka yi kururuwa, kafin 'yan sintiri su iso mutumin ya dira ya bar takalminsa ɗaya. Asarata ita ce fallen kwano guda da ya lanƙwashe. Da safe Baba ya kira ni, bayan doguwar gaisuwa da tambayar aiki da ruwan Fatakwal, sannan ya ce, "Af, jiya mun yi baƙo, amma bai zauna ba."

Tsohuwar nan ba na biyanta, ba ta cikin takardar da aka rubuta gaban mai unguwa. Abin da ya tashe ta shi ne ta san gidan na wane ne, ta san uwata, ta halarci sunana. Irin wannan ba a sayensa a Ƙofar Ruwa, kuma yana da nasa farashin da 'yan zamani ba sa son biya: zuwa jana'iza da ɗaurin aure, gaishe da mara lafiya, haƙuri da yaran maƙwabta da ke zama a dakalinka, da yarda cewa mutane za su san shigarka da fitarka. Wanda ya gina gida a sabuwar unguwa a bayan gari, inda ba a san sunan na kusa ba, yakan ce ya huta da sa-ido. Gaskiyarsa. Sai dai sa-idon nan da ya gudu daga gare shi, shi ne dai idon da zai nema ranar da ya kulle gida ya tafi.

Mun tare a ƙarshen shekarar. Takardar aro ta ƙare, amma ban ce wa Baba komai ba, shi ma bai ce ba, kullum da hantsi yana nan da zarensa. Yayana yana ganin wauta ce, ya lissafa mini abin da soron zai kawo a shekara idan aka fasa bangonsa aka sa ƙofar ƙarfe aka ba mai cajin waya ko mai POS haya, kamar yadda aka yi wa sorayen gidaje huɗu a lungunmu. Lissafinsa daidai ne, kuma kuɗin makarantar yara ba ya jira. Idon Baba kuma ya fara rauni, yanzu yaronsa ke zura masa zare a allura, 'ya'yansa kuwa babu wanda ya gaji sana'ar, babban yana tuƙa A Daidaita Sahu. Wurin aiki sun fara maganar sake tura ni Kudu bayan Babbar Sallah. Na ce wa Yaya a bar maganar kanti sai na dawo.